Shimfiɗa Dutse a Farfajiyar Gida: Aikin Sabon Hannu

A Ingila, da zarar sanyi ya ja baya wajajen Afrilu, akan ga motoci suna sauke akwatunan fale-falen dutse a ƙofar gidaje. Yawancin gidajen suna da ɗan lambu a baya, mai gida kuma yana son wuri busasshe a bakin ƙofa inda zai ajiye tebur da kujeru. Kuɗin magina a can ya yi tsada, shi ya sa mutane da yawa suke naɗe hannun riga su yi da kansu. A da, dutsen Yorkshire ne abin alfahari, wanda aka shimfiɗe titunan Landan da yawa da shi. Daga shekarun 1990 dutsen yashi na jihar Rajasthan ta Indiya ya cika kasuwa saboda arha. Yakan zo girma huɗu a haɗe, kaurinsa milimita 22, kuma babban falle mai santimita 90 da 60 yana kusan kilo 30.

Sabon hannu yakan ɓata makonni yana zaɓen launi, alhali ruwa ne zai yanke hukunci kan aikin. Tun kafin a sa diga a ƙasa ake yanke shawarar inda ruwan sama zai nufa. Ƙa'idar magina ita ce farfajiya ta gangara nesa da bango, santimita 1 a kowane santimita 60. Ke nan mai faɗin mita 3 za ta sauka da santimita 5. Ido ba ya gani, amma ruwa yana bi. Gidajen Ingila kuma suna da wani layi a cikin bango mai hana damshi hawa, dole saman dutse ya zauna aƙalla santimita 15 a ƙarƙashinsa, in ba haka ba fantsamar ruwa ta jiƙa ɗaki. Hukuma ma ta shigo cikin maganar: tun Oktoban 2008, duk wanda zai rufe fiye da murabba'in mita 5 a gaban gidansa da abin da ruwa ba ya ratsawa, ruwan kuma ya nufi titi, sai ya nemi izini.

Sai haƙa, aikin da ke karya gwiwa. Ana cire ƙasa kamar santimita 15, a zuba fasasshen dutse mai haɗe da garinsa santimita 10, a daɓe shi da injin daɓe da ake ɗaukowa haya, rabi-rabi. Farfajiya mai murabba'in mita 20 tana cin kusan tan 4 na wannan tsakuwa, duk a baro. Igiya da turaku ke riƙe gangara. Kusurwa kuwa da awon alwatika mai gefuna 3, 4, 5 ake daidaita ta.

A wurin kwantar da dutsen ne gaggawa ta fi cutarwa. Akwai tsohuwar dabara ta ɗiga kwaɓi biyar, huɗu a kusurwoyi ɗaya a tsakiya, a ɗora falle a kai. Tana da sauri, tana rage siminti, amma ba ta da amfani: ramin da ta bari a ƙasa yana tara ruwa, ruwan ya daskare da sanyi ya ɗaga dutsen, wani lokaci har tabon ɗigon biyar ya fito a fuskarsa. Abin da ya dace shi ne kwaɓi cikakke, yashi 4 ko 5 siminti 1, kaurin santimita 3 zuwa 4, a shafa wa bayan fallen ruwan siminti mai gam don ya kama. A ɗora, a bubbuga da gudumar roba, a duba da ma'aunin lebur. In ya nutse fiye da kima, ɗagawa ake yi a ƙara kwaɓi. Masu gwaninta suna kauce wa haɗuwar kusurwa huɗu wuri ɗaya, suna barin gibin santimita 1 zuwa 1 da rabi.

Safar hannu wajibi ce, domin jiƙaƙƙen siminti yana ƙona fata. Yankan dutsen yashi kuma sai da ruwa da takunkumi, don ƙurarsa tana lalata huhu.

Bayan kwana ɗaya ko biyu sai cike gibi, wanda shi ne ke tona asirin mai gajen haƙuri. Ana jiran ranar da dutse ya bushe sarai. Kwaɓin yashi 3 ko 4 ne da siminti 1, ruwa kaɗan, ya yi washar-washar kamar dambu: in an damƙa ya dunƙule, amma bai ɗiga ba. Mutum zai durƙusa da cokalin magini yana tura shi cikin gibi har ƙasa, ya danne da guntun rodi ko lanƙwasasshen bututu, ya sake cikawa, ya goge saman ya yi sumul. Dannewar nan ita ce aikin. Wanda ya share busasshen gari ya cika gibi ya yayyafa ruwa, ɓawo kawai ya samu, kuma ciyawa za ta tsaga shi. Dutsen yashi yana shan duk abin da ya taɓa shi, saboda haka kwaɓin da ya zuba a kai sai a kwashe nan take a bi da soso mai tsabta. In ya bushe, tabon ya zauna, ruwan asid kuma yakan ta da tsatsar ƙarfen da ke cikin dutsen. Yanzu akwai haɗaɗɗen yashi mai gam da ake sayarwa a bokiti, a jiƙa dutse a share shi cikin gibi, iska ta sandarar da shi. Ya fi sauƙi ga sabon hannu, ya kuma fi tsada.

Baturen Ingila tsoron ƙanƙara yake yi, ba ya kwaɓa siminti in sanyi ya kusa daskarar da ruwa. Mai irin wannan aiki a Kano ko Zinder kuwa rana da iskar hunturu ne abokan gabansa, domin suna tsotse ruwan kwaɓi kafin siminti ya kama. Can sai aikin safe ko na yamma, a rufe da jiƙaƙƙun buhuna, a riƙa ban ruwa har mako guda. Ana iya takawa bayan kwana biyu, kaya masu nauyi su jira mako, siminti kuwa sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake auna shi da shi.