Ganyen da Ke Ɗana Tarko

Manomi ba ya buƙatar a gaya masa gonarsa ta gaji. Da ya ga masara ta tsumbure, ganyen ƙasa ya koma ruwan ɗorawa, ya san lokacin kai taki ya yi. Abin da masarar ke nema a cikin takin nan, na turke ne ko na zamani, galibi naitirojin ne da fosforas. To akwai wurare a duniya da ƙasarsu ba gajiya ta yi ba, tun asali ba ta da waɗannan sinadarai: dausayi mai tsami, farin yashin da ruwan sama ya wanke tas, bayan dutsen da ruwa ke tsattsafowa. Rana akwai, ruwa akwai, taki ne babu. A irin waɗannan wurare ake samun tsirrai masu kama ƙwari, waɗanda masana suka ƙirga sama da iri 600.

Yawancin masu zuwa kallon 'yan tukwanen da nake reno suna zaton ƙwaro ne abincin waɗannan tsirrai. Ba haka ba ne. Abincinsu daga hasken rana suke haɗa shi, daidai da kowane koren ganye. Ƙwaro takinsu ne. Charles Darwin ya fitar da littafi guda a kansu a 1875, sannan ɗansa Francis ya gwada abin a 1878: ya raba tsirran Drosera gida biyu, yana ba kashi ɗaya 'yan ƙwayoyin nama, ya hana ɗaya kashin. Duka biyun sun rayu, amma waɗanda aka ciyar sun fi fure da iri nesa ba kusa ba.

Abu na biyu da nake so mai fara reno ya riƙe shi ne, kowane tarko ganye ne da ya sauya siffa. Ganyen da ya zama tarko kuwa ba ya aikin haɗa abinci yadda shimfiɗaɗɗen ganye ke yi, ga shi ƙera shi da sarrafa shi na cin ƙarfin shukar. Tarko abu ne mai tsada. Duk ƙa'idojin renon nan da ake gani da wuya, daga nan suka fito.

Wanda kowa ya sani a bidiyon waya shi ne tarkon ƙuda, Dionaea muscipula. Wuri ɗaya tak ne asalinsa a duniya: dausayin yashi na jihohin Karolina ta Arewa da ta Kudu a Amurka, kewayen garin Wilmington. Wanda bai taɓa ganin sa ido da ido ba yakan yi mamakin ƙanƙantarsa, don tarkon bai cika wuce santimita 2 zuwa 3 ba. Ƙarshen ganyen ya rabu ɓangare biyu, gefensa da dogayen haƙora, cikinsa ja, bakinsa na fitar da ruwa mai zaƙi. Banza ba ta kai zomo kasuwa. A cikin kowane ɓangare akwai siraran gashi, yawanci uku uku, sai an kai ido kusa ake ganin su. Su ne kunamar tarkon.

Idan ƙwaro ya lanƙwasa gashi ɗaya, wani ɗan motsin lantarki yakan ratsa ganyen gaba ɗaya. Tun a 1873 wani likita a Landan, John Burdon-Sanderson, ya auna wannan lantarkin. Amma taɓawa ɗaya ba ta rufe tarko. Sai an sake taɓawa cikin kimanin sakan 20 zuwa 30. Taɓawar farko tana ɗaga yawan sinadarin kalsiyam a cikin ƙwayoyin ganyen, daga nan ya riƙa raguwa a hankali. In ta biyu ta zo kafin ya sauka, sai jimillar ta kai mizanin da ke sakin tarko. In ta makara, lissafi ya koma farko. Da wannan ne shukar ke bambance ɗigon ruwan sama ko tsinken da iska ta kwaso da abu mai rai da ke yawo a cikinta.

Yadda ganyen da ba shi da tsoka ke rufewa cikin kashi ɗaya bisa goma na sakan ya daɗe yana ɗaure wa masana kai. A 2005 wasu masu bincike a Jami'ar Harvard, cikinsu har da Yoël Forterre da L. Mahadevan, suka ɗauki hoton rufewar da kyamara mai saurin gaske. Ashe tarkon da ke buɗe a ɗame yake: kowane ɓangare ya lanƙwasa zuwa waje, yana riƙe da ƙarfi. Saƙon lantarkin yana sa ruwa ya sauya wuri a cikin ƙwayoyin ganyen, lanƙwasar ta fara juyawa, da ta wuce wani matsayi sai ta kife gaba ɗaya. Wanda ya taɓa yanka ƙwallon roba biyu, ya juya cikin rabin waje, ya ajiye ya ga ya koma da kansa fat, ya ga irin abin.

Wannan rufewar farko ba ta matsewa. Haƙoran ne kawai ke sarƙewa, su bar 'yan kafofi, ƙaramin ƙwaron da bai kai a ɓata ƙarfi a kansa ba ya sulale ya fita, tarkon ya sake buɗewa cikin kwana ɗaya ko makamancin haka. Babba kuwa sai ya shiga fafutuka, yana ta bugun gashin nan, kuma fafutukarsa ce ke ƙarasa shi. Rainer Hedrich da abokan aikinsa a Jami'ar Würzburg ta Jamus sun nuna a 2016 cewa shukar tana bin adadin bugun: bayan na biyu da ya rufe tarko, ƙarin bugu yana tayar da wani sinadarin saƙo a jikinta, zuwa kusan na biyar sai ƙwayoyin da ke cikin ganyen su shiga haɗa ruwan narkarwa. Bakin ya manne ruf, ruwan ya cika ciki, a yi kwana 5 zuwa 12. Ranar da ya buɗe, busasshen ɓawon ƙwaron kaɗai za a tarar. A daji ma ba ƙuda ya fi kamawa ba. Tururuwa da gizo-gizo da sauran masu rarrafe sun fi faɗawa.

Ni dai ba na barin kowa ya sa wa nawa tsinke, ko yaro ko babba, duk da na san sha'awar da ke sa a yi. Kowane tarko rufewarsa ƙidayayya ce. Bayan 'yan kamu kaɗan yakan yi baƙi ya mutu, shukar ta fitar da sabo. Wanda ya rufe a kan iska ya yi asarar ƙarfi ba riba. Haka kuma guntun tsire ko naman miya ba alheri ba ne gare shi: kitse da gishiri sun fi ƙarfinsa, sai tarkon ya ruɓe. In dole sai an ciyar, a nemi ƙwaro mai rai wanda bai wuce sulusin girman tarkon ba. Mataccen ƙwaro ba ya motsi, saboda haka tarkon zai ɗauka ba komai a ciki ya buɗe, sai fa in an ɗan mammatsa gefensa a hankali. Shukar da ke waje ma ba ta buƙatar wannan hidima, da kanta take kamu.

Drosera ta fi tarkon ƙuda sauƙin hali, kuma ita nake nuna wa mai farawa. Ganyenta cike yake da jajayen gashi, kan kowanne da ɗigo mai ƙyalli da za a rantse raɓar safiya ce, alhali danƙo ne. Ƙwaro ya sauka ya maƙale, yana ƙoƙarin ƙwacewa yana ƙara shafar wasu ɗigon, har danƙon ya toshe kafofin da yake numfashi ta gefen jikinsa. Gashin da ke kewaye sai su riƙa sunkuyowa kansa cikin 'yan mintoci. A irin da ake kira Drosera capensis, ta yankin Kef a Afirka ta Kudu, dogon ganyen ne ɗungurungum yake naɗewa a kan kamun. Darwin ya lura ɗigon ruwa ba ya motsa gashin nan, amma ɗan ƙwayar nama ko farin ƙwai yana motsa su. Ɗigon ne kuma ma'aunin lafiyarta: in ganye ya bushe ba ƙyalli, haske ya yi kaɗan ko iska ta yi bushewa da yawa. Dangin nan ba baƙi ba ne a wajenmu, domin Drosera indica da Drosera madagascariensis suna fitowa a jiƙaƙƙen yashi a Afirka ta Yamma, har da Najeriya.

Akwai wata kurangar daji a Saliyo da Laberiya da Kwaddebuwa, Triphyophyllum peltatum, da ke tabbatar min da zancen tsada fiye da kowace. Ba kullum take fitar da ganyen danƙo ba, sai a wani ɗan lokaci na ƙuruciyarta. Masana a Jamus sun gano a 2023 cewa ƙarancin fosforas ne ke sa ta fitar da shi. In ƙasa ta wadata ta, ba ta ɓata ƙarfinta a kan tarko.

Masu tulu, wato Nepenthes, ba sa motsi ko kaɗan. Gidansu kudu maso gabashin Asiya ne, musamman Borniyo da Sumatara da Filifin, da wasu kaɗan a Madagaska. Jijiyar tsakiyar ganye ce take zarcewa ta zama igiya, ƙarshenta ya kumbura ya zama tulu mai murfi. Murfin ba ya rufewa, aikinsa tare ruwan sama da jawo ƙwari da zaƙi. Dabarar tana a leɓen tulun, wanda ke da ƙananan layuka da ke shimfiɗa ruwa a kansa. In leɓen a bushe yake, tururuwa tana tafiya a kai lafiya lau. In raɓa ko ruwan sama ko zaƙin ya jiƙa shi, ƙafarta ba ta samun abin kamawa, sai zamewa. Binciken da aka yi a Burunai ya nuna wannan bushewar ta tsakar rana ma riba ce: tururuwar da ta zo leƙe ta sha zaƙi ta koma gida lafiya, ita ke jawo ayarin da zai zube ciki in leɓen ya jiƙe. Daga ciki, bangon tulun yana da wani kaki mai ɓarɓashi da ke liƙe wa ƙafar ƙwaro ya hana shi hawa, a ƙasa kuma ga ruwan narkarwa. Nepenthes rajah ta Dutsen Kinabalu tulunta kan ɗauki har lita 3.5. Wata kuma, Nepenthes lowii, ta rage kamu: wata 'yar dabba mai kama da kurege ce ke hawa ta lashi zaƙin murfin, ta yi kashi a cikin tulun, shukar ta sami takinta.

Mafi sauri a cikinsu duka tana nan kusa da mu, ba kuma wanda ke kula ta. Utricularia ba ta da saiwa, wasu irinta suna yawo ne a cikin ruwan tafki da kududdufi da fadama a ko'ina cikin Afirka ta Yamma, da damina su ɗago ƙaramin fure, sau da yawa ruwan ɗorawa. A jikin zarenta akwai 'yan jakunkuna, milimita ɗaya zuwa 'yan kaɗan. Kowace jaka tana fitar da ruwan cikinta har bangonta ya lotsa, ƙofarta na rufe gam. Ƙaramar halittar ruwa ta taɓa gashin bakin ƙofar, ƙofar ta ɓalle ciki, ruwa ya afka da ita, a rufe. Zuƙar ba ta kai kashi ɗaya bisa dubu na sakan ba. Tana kama ƙananan tsutsar sauro, amma kada wani ya ɗauka ta isa maganin sauron unguwa. Wanda ya ɗebo ta a farin bokiti ya ɗaga zaren a rana zai ga jakunkunan, waɗanda suka yi kamu sun yi duhu.

Saiwar waɗannan tsirrai ta saba da ƙasar da ba gishiri, saboda haka abin da ke raya tumatir su kashe su yake yi. Ba taki, ba toka, ba ƙasar bola. Ana dasa su a ruɓaɓɓen gansakukan Sphagnum da ba a zuba wa taki ba, a gauraya da farin yashi da aka wanke sosai, cikin mazubin roba; tukunyar ƙasa tana tara gishiri, ga saurin bushewa. Ruwa ne babbar matsalarmu. Na rijiya da na burtsatse da na leda duk suna ɗauke da ma'adinan da ke taruwa a hankali har su ƙone saiwa. A tari ruwan sama da damina a ajiye, a bar na farkon saukarsa ya wanke kwano tukuna. In ya ƙare, tataccen ruwan da ake ƙara wa batirin mota yana yi, muddin an tabbatar ba mai asid ba ne. Tarkon ƙuda da Drosera suna son gindin mazubinsu a cikin ɗan ruwa da rana mai yawa, ko da yake a zafin Maris da Afrilu gara a bar su da ta safe kawai. Nepenthes inuwa mai haske take so da iska mai laima, kuma ba a jiƙa gindinta a ruwa. Hunturu yakan busar mata da tulu tun bai buɗe ba, sai an rufe ta da farar leda ko an ajiye ta cikin akwatin gilashi.

Tarkon ƙuda yana da ƙarin sharaɗi: a gidansu yana barcin sanyi na wata 3 zuwa 4 kowace shekara, ya ƙanƙance, ganyensa da yawa su yi baƙi. Wanda aka hana wannan hutun yakan raunana bayan shekara ɗaya ko biyu. A garuruwanmu masu zafi, masu reno kan naɗe shi a leda da ɗan danshi su sa a ƙasan firji, ba wajen ƙanƙara ba, kuma wannan yana buƙatar wutar da ba ta yawan ɗaukewa. Shi ya sa nake cewa a fara da Drosera, ko Nepenthes ta ƙasa mai zafi, a bar tarkon ƙuda sai hannu ya faɗa. In za a saya kuma, a tambayi mai sayarwa ko a gandun reno aka haifar da shi, don satar sa daga daji ta yi yawa har Karolina ta Arewa ta mayar da ita babban laifi a 2014.