Gwaji ta wayar salula a aji: A nemi giɓin fahimta, a bar maki ga zauren jarrabawa

Tun shekarar 2015, lokacin da hukumar JAMB ta ajiye fensir da takarda ta koma kwamfuta kacokan, duk ɗalibin da ke neman gurbi a jami'a sai ya amsa tambayoyi a gaban na'ura. Da annobar korona ta rufe makarantu a watan Maris na 2020, malamai da dama suka fara sanin manhajoji irin su Google Forms da Kahoot da Socrative, inda malami ke shirya tambayoyi, ɗalibai su amsa ta wayoyinsu, sakamako ya fito nan take. Yau wannan salo ya iso yankinmu, daga jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006, zuwa kwalejin kimiyyar lafiya ta Jega da sakandaren Maiyama. Don haka ya kamata mu fayyace aikin da za mu ɗora wa waɗannan manhajoji tun abin bai zama al'ada ba.

Gwajin cikin zango ba baƙo ba ne a wurinmu. Manufofin ilimi na ƙasa da aka fitar a 1977 ne suka tanade shi, kuma a yawancin jami'o'inmu yakan ɗauki maki 30 ko 40 cikin 100. Hikimarsa ita ce malami ya riƙa bibiyar fahimtar ɗalibi tun karatu na tafiya. To amma a ajin da ke da ɗaruruwan ɗalibai, kafin malami ya gama duba takardu makonni sun shuɗe, an wuce darasin, an gina wani a kansa. Abin da ɗalibi ke gani daga ƙarshe lamba ce a allon sanarwa, ba tare da ya san inda ya kauce ba.

A 1998, Paul Black da Dylan Wiliam na Ingila sun tattara bincike masu yawa, suka nuna cewa gwajin da ake yi don gyara koyarwa tana cikin tafiya yana ɗaga fahimta sosai, kuma masu rauni a aji su suka fi cin moriyarsa. Kafin su, a farkon shekarun 1990, Eric Mazur, malamin fiziya a Jami'ar Harvard ta Amurka, ya lura cewa ɗalibansa suna iya warware lissafi amma ba su kama ma'anarsa ba. Sai ya koma jefa tambaya ɗaya a tsakiyar lacca, kowa ya zaɓi amsa. Idan amsoshi suka rabu, kowa ya juya ya shawo kan maƙwabcinsa, sannan a sake zaɓe.

Wannan shi ne aikin da nake ba waya a ajina. Nakan buɗe lacca da tambayoyi uku a kan darasin da ya gabata. Misali: an narkar da gishiri a kofin ruwa, sai aka ƙara wani kofin ruwan, me ya sami gishirin? Wasu za su ce ya ragu da rabi, wasu su ce yana nan yadda yake, ƙarfinsa ne kawai ya ragu. Cikin minti biyu nakan ga yadda aji ya rabu, in san ko zan ci gaba ko zan koma baya. Sirrin yana wajen tsara amsoshin da ba daidai ba, domin kowace ɗaya ta wakilci wata gurguwar fahimta da malami ya san tana yawo a kan ɗalibai. Kada a raina irin wannan tambaya. Ɗalibar da ke karatu a Jega, gobe ita ce za ta haɗa magani a ɗakin shan magani na wani ƙauyen Maiyama, kuma bambancin yawa da ƙarfi a can magana ce ta rai.

Akwai kuma amfanin jin ra'ayi ba tare da suna ba. Mu mutane ne masu kunya da kara. Malami zai ce, "Akwai mai tambaya?" aji ya yi tsit, musamman ɓangaren mata, alhali rabin ajin bai gane ba. Amma idan aka ce kowa ya rubuta abu ɗaya da ya shige masa duhu a darasin yau, ba suna ba lamba, sai ka ga tambayoyin da ba za a taɓa furta su da baki ba.

Inda nake jan hankalin abokan aikina shi ne wajen mayar da wannan gwaji ma'aunin makin cikin zango. Na san abin da ke jan mutum: manhaja ta duba, ta tara, ta jera, malami ya huta. Amma a tambayi kai, me aka auna? Ɗalibin da mahaifinsa ke da shago a kasuwar Jega yana da babbar waya da data. Wanda ya fito daga ƙauye wataƙila ƙaramar waya gare shi, ko ya kwana ba wuta bai yi caji ba, ko sabis ya ɗauke yana tsakiyar amsa. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100. Ita kuwa Kahoot a tsarinta na asali tana ƙara maki ga wanda ya riga amsawa, wato mai saurin sabis ya riga mai zurfin tunani. Makin da aka tara ta wannan hanya ya auna aljihun iyaye tare da ƙwaƙwalwar ɗa, kuma babu mai iya raba su.

Sannan ga satar amsa. Da zarar an rataya maki, adireshin gwajin zai zaga zaurukan WhatsApp, wanda ke gida ya amsa kamar yana aji, wani ya amsa wa mutum uku. Tun da ChatGPT ta fito a watan Nuwamban 2022, amsar tambaya mai zaɓi ba ta wuce daƙiƙu. A nan an yi asara biyu: makin ba na gaskiya ba ne, kuma malami ya rasa madubin da yake ganin rauni a ciki, domin wanda ke tsoron faɗuwa ba ya nuna jahilcinsa. Gwajin maki ya zauna inda ake sa ido, a takarda ko a cibiyar kwamfuta da kowa ke da na'ura iri ɗaya.

Malaman sakandare, inda yara ba su da waya, su ma ba a bar su a baya ba. Manhajar Plickers malami kaɗai ke buƙatar waya: kowane yaro ya ɗaga kati da aka buga, malami ya haska ajin da kyamara, amsoshi su taru. Inda ko wannan babu, takardu huɗu masu A da B da C da D sun wadatar. Dabarar ce ke aiki. Sai dai yana da kyau 'yan ajin ƙarshe su riƙa taɓa kwamfuta lokaci-lokaci, don kada ranar JAMB ta zama ranar farko.

A kuma kiyaye amana. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shafi duk mai tattara bayanan mutane, har da makarantu. Babu dalilin neman lambar wayar ɗaliba a gwajin minti biyar.

Kirana ga shugabannin sassa da na makarantu shi ne su rubuta ƙa'ida ƙarara: gwajin waya na gano giɓi ne, gajere, a kai a kai, ba maki, kuma wanda ba shi da waya ya amsa a takarda. Manomin albasa a Aliero ba ya jiran ranar kasuwa kafin ya leƙa abin da ya adana. Yakan duba, ya juya, ya ware wadda ta fara laushi tun ba ta shafi saura ba. Mu ma mu riƙa leƙa fahimtar ɗalibanmu tun akwai sauran lokacin gyara.