Nasiha Ga Mai Neman Kwamfuta Domin Karatun Zanen Gine-gine

Duk shekara, da zarar jami'o'i sun fitar da sunayen waɗanda suka sami gurbin karatu, akwai iyaye da yawa waɗanda murnarsu ba ta jimawa sai ta ci karo da lissafi, musamman waɗanda Allah ya nufi 'ya'yansu da sashen zanen gine-gine, domin bayan kuɗin rajista da na masauki da na kayan zane, ba a daɗewa yaro zai aiko gida cewa malamai sun ce kowa ya nemi kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda aka fi sani da laftof. Tun daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda sashenta ya fi na kowace daɗewa a wannan fanni a Nijeriya, har zuwa ta Bayero a Kano da ta Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauci da ta Fasaha a Minna, babu inda ɗalibi zai kammala wannan karatu a yau da fensir da rula kaɗai. To, da yake kuɗin da za a kashe ba kaɗan ba ne, har wani lokaci sai an sayar da dabba, ko an ci bashi, ko dangi sun yi karo-karo, ya wajaba a san abin da za a saya tun kuɗi bai bar hannu ba.

Tushen asarar da ake yi a wannan ciniki shi ne zaton da jama'a suke yi cewa kwamfuta duk kwamfuta ce, alhali wadda za ta wadatar da ɗalibin shari'a ko na tarihi tun daga shigarsa har fitarsa, ita ce za ta durƙushe a hannun ɗalibin zanen gine-gine kafin ya kai tsakiyar karatunsa. Dalili kuwa yana cikin irin aikin da ake ɗora mata. Akwai zane na shimfiɗe, wato taswirar ɗakuna da ƙofofi da awonsu, wanda ake yi da AutoCAD, shi ne mafi sauƙi. Akwai tayar da gini da tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa a cikin na'ura, da irin su Revit da ArchiCAD da SketchUp da Rhino, inda a Revit da ArchiCAD kowane bango da taga da matakala suke ɗauke da bayaninsu, ta yadda in aka gusa bango ɗaya sai na'urar ta sake lissafin duk abin da ya jingina da shi. Sannan akwai abin da ɗalibai suke kira renda, wato mayar da ginin hoto mai haske da inuwa da itatuwa kamar an riga an gina shi, da irin su Lumion da Enscape da Twinmotion da V-Ray, wanda shi ne mafi nauyi duka. A ƙarshe a kwashe hotunan a shirya su a Photoshop domin ranar juri, ranar da ɗalibi yake tsayawa gaban malamai ya kare aikinsa.

Saboda haka matakin farko shi ne tambaya. Ɗalibi ya je wurin malamansa da waɗanda suka riga shi a aji uku da aji huɗu, ya ji waɗanne manhajoji ake koyarwa da su a sashensu, domin ba dukan makarantu suke bin hanya ɗaya ba. Kuma a galibin wurare shekarar farko ta zanen hannu ce da darussan share fage, don haka babu laifi a jinkirta saye a ci gaba da tari har buƙata ta zo, maimakon a yi gaggawar sayen ƙarama wadda za a sake canzawa bayan shekara guda.

In an san manhajojin, sai a dubi tsarin da na'urar take gudana a kansa. Kwamfutocin Apple suna da kyau da ƙarko da riƙe caji, kuma Rhino da SketchUp da ArchiCAD da AutoCAD duk suna aiki a kansu, amma Revit da 3ds Max an yi su ne domin Windows kaɗai, saboda haka wanda sashensa ya dogara da Revit, in ya sayi MacBook don ado, ya sayo wa kansa wahala da tsada. Akwai kuma wata mai suna Chromebook, wadda takan zo da araha cikin kayan da ake shigowa da su na hannu, ga ta siririya mai ban sha'awa, amma ba a iya ɗora mata waɗannan manyan manhajoji na Windows. Wannan a guje ta ko nawa aka rage.

Daga nan sai ƙwaƙwalwar na'ura, wato firosesa, wadda a kanta aka fi yaudarar mutane. Uba zai shiga shago da ɗansa, mai kaya ya ɗauko wata mai sheƙi, ya goge ta da tsumma, ya nuna ɗan tambarin da yake manne kusa da madannai, ya ce, “Alhaji, wannan i7 ce, ko injiniya ita yake riƙewa.” Maganar tasa ba ƙarya ba ce, sai dai ragaggiya ce, domin sunan i7 ba ya faɗin shekarun na'ura. Abin dubawa shi ne cikakkiyar lambar da take biye da sunan. Misali, i7-6600U ta fito ne a 2015, kuma sassan aikinta biyu ne kacal, alhali i5-12450H ta 2022 tana da takwas, ta kuma fi waccan ƙarfi nesa ba kusa ba, ko da yake sunanta ya fi ƙanƙanta. Lambar farko bayan layin ita ce zamanin na'urar, 6 a ta farko, 12 a ta biyu. Harafin ƙarshe kuwa shi ne halinta: U alama ce ta mai tsimin wuta da aka yi domin aikin ofis, H kuwa ta aiki mai nauyi ce, kuma haka al'amarin yake a Ryzen na kamfanin AMD. Wani abin lura shi ne kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma galibi ba ta karɓar firosesar Intel da ta gaza zamani na 8, don haka duk wadda ta kasa wannan, kwananta ya riga ya ƙare ko da tana kunnuwa.

Sai RAM da ma'ajiya, waɗanda mutane suke yawan cakuɗa su. Ma'ajiya kamar rumbu take, RAM kuwa kamar faifan mai bakace: komai cikar rumbu, ba ta iya sarrafa hatsi sai gwargwadon abin da faifanta ya ɗauka. Ɗalibin da ya buɗe Revit da Photoshop da shafukan intanet a lokaci guda, in RAM ɗinsa giga 8 ne, zai riƙa zaman jiran na'ura fiye da yadda yake aiki. Giga 16 shi ne mafi ƙarancin abin da ya kamata a yarda da shi, 32 kuwa shi ne kwanciyar hankali ga ayyukan shekarun ƙarshe. Kuma a tambaya ko ana iya ƙarawa daga baya, domin a wasu siraran na'urori an liƙe RAM ɗin a jikin allon ciki, yadda aka saya haka za a ƙare. Ita kuwa ma'ajiya lalle ta kasance SSD, wadda ba ta da faifai mai juyawa a ciki, ta fi tsohuwar mai faifan sauri ƙwarai, ta kuma fi jure jijjigar Keke Napep da faɗuwar jaka. Giga 512 shi ne farko, domin manhajojin kansu da tarin itatuwa da kujeru da motoci da suke zuwa da su suna cin wuri mai yawa.

Abin da ya raba laftof ɗin wannan ɗalibi da ta sauran jama'a shi ne katin hoto mai zaman kansa. Yawancin na'urorin ofis suna da ɗan ƙaramin sashen hoto ne a cikin firosesa, wanda yake aron RAM, ya isa kallon bidiyo da zanen shimfiɗe, amma da zarar an shiga Lumion ko Enscape sai hoto ya riƙa tsalle yana tsayawa, ko manhajar ta rufe kanta. Abin nema shi ne kati irin na NVIDIA mai suna RTX, mai nasa RAM na kansa, giga 6 ko 8. RTX 4060, alal misali, yana da giga 8. Sai dai a nan ma akwai wani sirri da 'yan kasuwa ba su cika faɗa ba, wato kati ɗaya mai suna ɗaya yana iya samun wuta wat 35 a cikin siririyar na'ura, ya sami 115 a cikin mai kauri, kuma ƙarfin aikinsa yana bin wutar da aka ba shi. Wannan ne ya sa ɗalibai da yawa suke komawa ga na'urorin da aka ƙera domin wasanni, irin su Lenovo Legion da ASUS TUF da Acer Nitro da HP Victus, ko kuwa na ma'aikata irin su Dell Precision da HP ZBook da ThinkPad jerin P, waɗanda sukan samu da sauƙin kuɗi in na hannu ne.

Amma kowane ƙarfi da farashinsa. Irin waɗannan na'urori suna da nauyi, cajarsu kaɗai ta kusa bulo, batirinsu ba ya daɗewa in ana aiki mai tsanani, kuma da an zare su daga wuta sukan rage gudu da kansu. A inda wutar lantarki take zuwa ta tafi ba sallama, wajibi ne ɗalibi ya san inda zai riƙa yin renda, ya kuma sa abin kare na'ura daga haukan wuta, musamman in janareta ake tayarwa. Haka nan zafin bazara, wanda a Kano da Sakkwato da Maiduguri yakan haura digiri 40, da ƙurar hunturu da take toshe fanka, su ne manyan abokan gabar laftof, domin in ta yi zafi da yawa takan sassauta aiki don ta ceci kanta. Kada a ɗora ta a kan katifa ko bargo inda ƙofofin iskarta za su toshe, a ɗaga bayanta kaɗan, a kuma riƙa kai ta wurin mai gyara amintacce ya share mata ƙura. Game da allo, inci 15 ko 16 ya fi dacewa da zane, kuma a nemi mai fitar da launi na gaskiya, wanda ake rubuta masa sRGB ɗari bisa ɗari, don kada jan ƙasa da aka zaɓa a na'ura ya fito wani abu dabam a takarda.

Mafi yawan iyaye ta hannu za su iya saya, kuma wannan ba aibi ba ne muddin an bincika. Kada a dogara da tambarin jiki, domin tambari ana manna shi. A kunna na'urar, a danna Ctrl da Shift da Esc tare, tagar da za ta buɗe za ta nuna sunan firosesa da yawan RAM da irin ma'ajiya da katin hoto na haƙiƙa. A cire caja a ga yadda batir yake sauka. A gwada kowane madanni da kowace kafa, a buɗe farin shafi a duba allo ko da tabo, a tabbata babu kalmar sirrin tsohon mai ita da ta kulle saitin farko. Mafi alheri duka shi ne a tafi da ɗalibin babban aji wanda zai zo da aikinsa na gaske a filashi, a buɗe shi a bar na'urar ta yi ta aiki kamar rabin sa'a, ana sauraren fanka, ana taɓa jikinta. Malaman fiƙihu sun daɗe da bayyana cewa mai saye yana da haƙƙin mayar da kaya in ya tarar da aibin da aka ɓoye masa, kuma ya halatta a yi sharaɗin 'yan kwanaki na gwaji. To, a yi wannan sharaɗi a fili, a rubuta shi a rasit tare da lambar jikin na'urar, domin rubutu yana kare zumunci da dukiya gaba ɗaya.

Akwai kuma wata fitina da take biyo bayan ciniki, wato tayin da ake yi na loda manhajojin sata a kan kuɗi kaɗan. Ban da shubuhar da take cikin cin haƙƙin wani, irin waɗannan kwafe-kwafe sukan zo da ƙwayoyin cuta masu lalata aiki ko satar bayanai, alhali kamfanin Autodesk, mai AutoCAD da Revit, yana bai wa ɗalibai lasisin shekara guda kyauta, wanda ake sabuntawa muddin mutum ya nuna shaidar yana karatu. Kuma ko wace irin na'ura aka mallaka, ɗalibi ya riƙa ajiye kwafin aikinsa a wata ma'ajiya ta dabam da kuma a intanet, domin sata da lalacewa ba sa duba kusantowar juri.

Idan kuɗi ya gaza, kamar yadda yakan gaza, to a san abin da za a sadaukar. Ana iya haƙura da siranta da sheƙi da allon taɓawa da sunan kamfani, ana iya farawa da RAM 16 da ma'ajiya 512 in dai akwai damar ƙari nan gaba, amma firosesa da katin hoto a laftof ba a canza su, don haka a nan ya kamata mafi yawan kuɗin ya tafi. Wanda kuma Allah ya hore wa, ya sani cewa sayen mafi tsada a kasuwa domin aikin aji biyu almubazzaranci ne, gara ya rage wani abu domin linzamin kwamfuta mai kyau, da jaka mai kauri, da kuɗin buga manyan takardu, waɗanda ɗalibin zai riƙa nema kowane zango har ya gama.