Daga Ƙarin Ɓera Zuwa Kasuwar Biliyoyin Daloli: Nazari Kan Tushen Magungunan Garkuwa

A shekarar 2024 kaɗai, maganin kansa mai suna Keytruda ya samar wa kamfanin Merck kimanin dala biliyan 29.5, alhali tun a 2021 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da magani na ɗari daga wannan dangi, wato sinadaran garkuwa masu tushe ɗaya, waɗanda ƙwayar halitta guda da zuriyarta suke haɗawa. Duk da wannan bunƙasa, rahoton da gidauniyar Wellcome da ƙungiyar IAVI suka fitar a 2020 ya nuna cewa kusan kashi 80 cikin ɗari na cinikin waɗannan magunguna a Amurka da Kanada da Turai ake yin sa. Yawancin masu bayyana yadda aka kai ga wannan matsayi sukan fara ne daga gwajin Georges Köhler da César Milstein na 1975, sannan su miƙa sauran yabon ga jarin kamfanoni, kuma wannan bayani ya tauye tarihin. Tushen al'amarin shi ne tarin furotin da ƙarin ɓeraye suka riƙa zubawa cikin jini a ɗakunan binciken gwamnati, wanda aka raba wa masana kyauta shekara da shekaru, kuma rashin tunawa da wannan asali yana cikin dalilan da suka sa amfanin ya taru a hannun 'yan tsiraru.

Matsalar da ta dabaibaye masana kafin 1960 ita ce, jinin lafiyayyen jiki yana ɗauke da sinadaran garkuwa iri-iri marasa adadi a cakuɗe, ta yadda mai son sanin ƙirar guda ɗaya yake zama kamar mai neman tantance muryar mutum ɗaya a tsakiyar kasuwa ranar cinta. Ƙwayar filasma, wato farar ƙwayar jini da ta ƙware wajen haɗa sinadarin garkuwa, iri ɗaya tak take fitarwa, saboda haka idan ta rikiɗe ta zama kansa, zuriyarta duka furotin ɗaya za su yi ta kwararowa da shi. An daɗe da ganin alamar haka a masu fama da mayeloma, kansar ɓargon ƙashi, tun lokacin da Henry Bence Jones ya bayyana wani furotin a fitsarin majiyyaci a shekarun 1840, sai dai samfurin ɗan Adam yana ƙarewa da rasuwar mai shi, kuma ba a iya maimaita gwaji a kansa.

Ɓera ne ya warware wannan ƙulli. A Cibiyar Binciken Kansa ta Ƙasa da ke Bethesda a Amurka, Ruth Merwin da Glenn Algire sun lura a 1959 cewa ƙananan akwatunan roba da suka dasa a kogon cikin ɓerayen BALB/c suna haddasa ƙarin ƙwayoyin filasma, daga nan Michael Potter da Charlotte Boyce suka nuna a 1962 cewa allurar man farafin ma tana yin wannan aiki, kafin a koma ga wani tataccen mai da ake kira firisten a 1969. Akan tsikari ɓeran da rabin mililita na man sau uku, wata biyu-biyu tsakani, sai man ya haifar da kumburi mai ɗorewa a jikin tantanin da ke riƙe hanji, kuma bayan wasu watanni cikin fiye da rabin ɓerayen yakan tara ruwa mai ƙwayoyin kansa. Idan aka ɗiga ruwan jininsu a faranti aka ratsa shi da lantarki domin furotin su rarrabu, maimakon shimfiɗaɗɗen tabon da aka saba gani sai wani siririn layi mai duhu ya bayyana, alamar furotin iri ɗaya mai yawan gaske. Da yake an samar da ɓerayen BALB/c ta hanyar barbarar 'yan uwa na ciki ɗaya tsawon zuriya masu yawa har gadonsu ya zama ɗaya, ana iya dasa ƙarin daga ɓera zuwa ɓera, ko a daskarar da shi, ba tare da furotin ɗinsa ya sauya ba.

Abin da ya fi dabarar muhimmanci shi ne yadda Potter ya tafiyar da wannan taska. Ya tara ɗaruruwan ƙari, ya ba kowanne lamba, kamar MOPC-21 da MOPC-315, ya kuma riƙa aikawa da su ga masu bincike a ciki da wajen Amurka, yayin da Melvin Cohn ya bi hanyarsa ya gina irin wannan tarin a Cibiyar Salk da ke Kalifoniya. Sakamakon haka masana da ke ƙasashe daban-daban suka samu damar yin aiki a kan furotin guda, kowa yana iya tabbatar da abin da ɗan uwansa ya gano ko ya ƙaryata shi. Herman Eisen ya nuna a 1968 cewa furotin ɗin MOPC-315 yana kama wani takamaiman sinadari kamar yadda garkuwar lafiyayyen jiki take yi, abin da ya raunana zargin cewa waɗannan furotin gurɓatattun kayan cuta ne kawai. A 1970 Martin Weigert da Cohn suka gano daga jerin sassan furotin ɗin ɓeraye alamun cewa ƙwayoyin gadon garkuwa suna sauyawa a cikin rayuwar dabba, a 1974 kuma rukunin David Davies ya zayyana surar wurin da furotin ɗin McPC603 yake cafke abin da yake hari. Susumu Tonegawa, wanda ya karɓi kyautar Nobel a 1987, ya kwatanta sinadarin gado na ƙarin MOPC-321 da na tayin ɓera a 1976 a birnin Basel, ya tabbatar da cewa guntayen gado suna sake jeruwa domin samar da garkuwa iri-iri. Hatta fahimtar kansar Burkitt, wadda take addabar yara a yankunan Afirka masu zazzaɓin cizon sauro, ta amfana, domin a 1982 aka gano cewa ƙwayar gado mai suna myc ce take kauce wa mazauninta a ƙarin ɓeran da kuma a wannan kansa.

Shi kansa gwajin 1975 reshe ne na wannan bishiya. Ƙarin MOPC-21 ya tashi daga Bethesda zuwa Salk, inda Kengo Horibata da Alan Harris suka horar da ƙwayoyinsa su rayu a kwalba, daga can suka isa ɗakin Milstein a Kambirij, inda Köhler ya haɗe su da ƙwayoyin saifar ɓeran da aka yi wa allurar jinin tumaki, ya samu gaurayayyar ƙwaya da ba ta mutuwa, mai fitar da sinadarin garkuwar da aka nufa. Hukumar Birtaniya da ke da alhakin yi wa ƙirƙirar gwamnati rajista a lokacin ba ta nemi haƙƙin mallakar dabarar ba, Milstein kuma ya ci gaba da raba ƙwayoyin ga masu buƙata, shi ya sa cikin 'yan shekaru ta bazu a duniya. Har yau ana sarrafa wasu magunguna, irin su infliximab na cututtukan kumburin gaɓoɓi da hanji, a cikin ƙwayoyin da salsalarsu take komawa ga wancan ƙari.

Masu kare kamfanoni suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Maganin farko, OKT3, wanda aka amince da shi a 1986 domin hana jiki ƙin ƙodar da aka dasa, ya nuna cewa jikin mutum yana ɗaukar furotin ɗin ɓera a matsayin baƙo ya yaƙe shi, kuma sai da Gregory Winter ya ƙirƙiro hanyar mayar da shi kusan na ɗan Adam, hanyar da aka yi wa rajistar mallaka, sannan aka zuba maƙudan kuɗi a gwaje-gwajen asibiti, kafin fannin ya tsaya da ƙafarsa. Amma wannan hujja tana bayyana yadda aka kammala aikin ne, ba ta bayyana yadda ya yiwu tun farko ba, kuma ta yi shiru kan cewa haƙƙin mallaka na farko a fannin, wanda Cibiyar Wistar ta Amurka ta samu a 1979, an gina shi ne da ƙwayoyin da Milstein ya bayar.

Bambancin sakamakon hanyoyin biyu a fili yake. Inda dabarar ta kasance a buɗe, kamar a kayan gwajin juna biyu da na zazzaɓin cizon sauro da ake amfani da su a ƙananan asibitocin karkara, masu ƙerawa sun yi yawa har farashi ya sauko, inda kuwa aka kewaye ta da katangar mallaka, magani ya gagari yawancin al'ummar duniya. Gwajin da aka yi a Mali, wanda aka wallafa a 2022, ya nuna cewa sinadarin CIS43LS, wanda masu binciken gwamnatin Amurka suka samar, ya kare manya daga kamuwa da zazzaɓin cizon sauro da kashi 88 cikin ɗari na tsawon wata shida, sai dai amfaninsa ga jama'a ya dogara ne ga tsadar sarrafa irinsa. Potter ya samu kyautar Lasker a 1984 tare da Köhler da Milstein, amma kyautar Nobel ta wannan shekara ba ta haɗa da shi ba, kuma irin aikinsa na tarawa da adanawa da rabawa shi ne ake fara yanke wa kuɗi idan kasafin bincike ya matse. Matuƙar gwamnatoci da gidauniyoyi ba su ci gaba da ɗaukar nauyin irin waɗannan taskoki ba, kuma ba su gindaya sharaɗin sauƙin farashi ga abin da aka gina da dukiyar jama'a ba, to rabon da rahoton 2020 ya nuna ba zai sauya ba.