Ko Kun Sani? Gishiri Na Karya Sifirin Mota

Sifirin da ke ɗauke da nauyin mota yakan karye ko da direba bai faɗa rami ba. A ƙasashe masu sanyi irin su Ingila, Kanada da arewacin Amurka, hukumomi na barbaɗa gishiri a kan titi lokacin hunturu don ya narkar da ƙanƙara. Taya sai ta riƙa watsa ruwan gishirin da tsakuwa a ƙarƙashin mota. Tsakuwa ta ɓare fentin da ke kare ƙarfen, tsatsa ta samu ƙofa. Galibi a zagayen ƙarshe na ƙasa sifirin yake karyewa, wurin da laka da ruwa ke kwanciya. Wani lokaci ma motar na ajiye cikin dare mai sanyi, sai a ji "ƙas!"

Abin ba ƙarami ba ne. A 2015 kamfanin Nissan ya janye motocin Versa sama da 200,000 a Amurka domin sauya sifirin gaba, saboda karyayyen bakinsa na iya huda taya ana cikin gudu. A Ingila kuwa, mota mai karyayyen sifirin ba ta cin gwajin lafiyar mota na shekara-shekara.

Da yawan motocin da muke kira Beljiyam daga irin waɗannan ƙasashe masu sanyi suke fitowa, da tsatsarsu. Don Allah, kafin ka biya kuɗi, sa bakanike ya ɗaga motar ya haska fitila a gindin kowane sifirin, musamman in ka ga ta karkata gefe guda.