Friedrich na Isenberg: Basaraken Jamus da rikicin dangi ya kai ga halaka

A ranar 7 ga Nuwamban 1225, wasu mahaya suka yi wa Akbishop Engelbert na birnin Kolon kwanton ɓauna kusa da Gevelsberg da ke yammacin Jamus, suka sassare shi har lahira. Jagoransu shi ne Friedrich na Isenberg, mai riƙe da sarautar Graf, wato basarake mai iko da wani yanki. Mamacin kuwa jininsa ne, domin shi da mahaifin Friedrich 'ya'yan wa da ƙane ne.

Dukiya ce silar rikicin. Friedrich ya gaji haƙƙin kare gidan mata masu zuhudu na Essen, wanda ke da gonaki da ƙauyuka masu yawa, kuma daga nan ne kaso mai tsoka na arzikinsa ke fitowa. Matan suka yi ƙorafin cewa mai kare su ya koma mai tatsar su. Engelbert, wanda a lokacin yake riƙon ƙasa a madadin Sarki Friedrich na Biyu, ya ƙuduri aniyar rage masa iko. Zaman sulhun da aka yi a garin Soest ya watse ba a cimma komai ba.

Har yau masana tarihi na muhawara kan ko kisa aka shirya, ko kuwa kamu ne don tilasta wa Akbishop ɗin ya sassauta, kamar yadda sarakunan zamanin suka saba. Sai dai raunuka fiye da 40 da aka ƙirga a jikinsa ba su bar wa Friedrich abin kare kai ba.

Aka rushe fadarsa da ke kusa da Hattingen. 'Yan'uwansa biyu, bishop-bishop na Münster da Osnabrück, suka rasa kujerunsu. Shi kuma ya tafi Roma neman afuwa, aka cafke shi a hanyar dawowa, aka kakkarya gaɓoɓinsa a bainar jama'a a Kolon cikin Nuwamban 1226. Matarsa Sophie ma ba ta daɗe ba ta rasu.

Wanda ya fi cin ribar lamarin shi ne wani danginsu, Adolf na Mark, da ya mamaye ƙasashen gidan. Ɗan Friedrich, Dietrich, ya girma a hannun kawunsa, ya dawo ya yi shekaru yana yaƙi, har sulhun 1243 ya ba shi ɗan yanki a gaɓar kogin Lenne, inda fadar Hohenlimburg take tsaye har yanzu.