Sulhun Aure A Ikara, Maƙarfi Da Kudan: Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka

Duk wanda ya san arewacin ƙasar Zazzau ya san cewa idan aure ya fara tangal-tangal a Ikara, Maƙarfi ko Kudan, ba a rasa masu shiga tsakani. Da farko iyaye da waliyyai ne za su zauna. Idan abin ya gagare su a tafi wajen liman ko mai unguwa, daga nan sai dagaci, sai hakimi, kafin a dangana da gaban alƙali. A gefe guda kuma ga ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma, ga 'yan agaji na ƙungiyoyin addini, ga fastoci ga ma'auratan da suke Kirista. Masu sulhu dai suna nan birjik, kuma akasarinsu don Allah suke yi. Abin da ya yi ƙaranci shi ne haɗin kai a tsakaninsu, da sanin lokacin da ya kamata mutum ya ce, "Wannan matsala ta fi ƙarfina, ku je wajen wane."

Abin da aka saba gani shi ne, kowane mai sulhu maganin da ke hannunsa shi yake bayarwa, kuma maganin kusan guda ɗaya ne: a yi haƙuri. Babu shakka haƙuri shi ne ginshiƙin zaman aure, tun da ko tsakanin harshe da haƙori ana saɓawa. To amma akwai ciwon da haƙuri ba ya warkarwa. Matar da ta haihu ta koma ba ta barci, ba ta magana, ko tana ƙin jaririnta, sau da yawa akan ce iskokai ne ko kuma raini, alhali tana iya kasancewa cikin larurar ƙwaƙwalwa da kan biyo bayan haihuwa, wadda likitoci suka san maganinta. Magidancin da shaye-shaye ya ci ƙarfinsa zai rantse a gaban dagaci cewa ya daina, bayan mako biyu a dawo gidan jiya. Ma'auratan da suka shekara biyar babu haihuwa, akan ɗora wa matar laifi ba tare da an auna kowa ba, alhali matsalar tana iya kasancewa daga wajen mijin. Irin waɗannan aurarraki da dama sun mutu ne domin babu wanda ya nuna wa ma'auratan hanyar asibiti.

Ga shi kuwa wuraren da za a tura su suna nan, kuma ba su fi ƙarfin tafiyar yini guda ba. Akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Akwai Asibitin Gambo Sawaba a Zariya, inda ake yi wa mata aikin yoyon fitsari, larurar da ta raba mata masu yawa da gidajen mazansu. A Barnawa ta Kaduna akwai asibitin masu larurar ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya. Tambayar ita ce, mai unguwa nawa ne a Paki, Gubuchi ko Likoro aka taɓa zaunar da su aka yi musu bayanin alamomin da idan sun gani za su tura mutum can?

Wani zai ce wannan tsari ne na Turawa. Alal haƙiƙa shari'ar Musulunci ta riga kowa. Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta yi umurnin cewa idan aka ji tsoron ɓaraka tsakanin miji da mata, a naɗa mai sulhu ɗaya daga danginsa, ɗaya daga danginta. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu ke aiki da ita, waɗannan mutane biyu suna da ƙarfin da za su daidaita, ko kuma su raba auren idan sun ga zaman ba zai yiwu ba, kuma alƙali ya zartar. Wato alƙali da kansa yakan miƙa al'amarin ga waɗanda suka fi shi sanin cikin gidan, sa'an nan su dawo masa da rahoto. Haka kuma a littattafan da alƙalanmu ke dubawa, irin su Mukhtasar na Khalil da Tuhfatul Hukkam, mijin da aka yi ƙararsa kan kasa biyan haƙƙin kwanciya akan yanka masa wa'adin shekara guda ya nemi magani kafin a yi hukunci. Malaman da suka tsara wannan sun fahimci cewa wata ƙarar ta aure, ƙarar rashin lafiya ce ta shigo kotu da rigar rigima.

Tun daga watan Nuwamban 2001, lokacin da gwamnatin Ahmed Muhammad Maƙarfi ta fara aiki da sabon tsarin kotuna a Jihar Kaduna, kotunan shari'ar Musulunci ne ke sauraron ƙararrakin aure na Musulmi, kotunan gargajiya kuma na waɗanda suka yi aurensu bisa al'ada. Alƙalan nan aiki ya yi musu yawa, ga gado, ga filaye, ga bashi. Ba za a sa ran alƙali ya bar kujerarsa ya je ƙauye ya ga inda yara ke kwana ba. Wannan aikin jami'in jin daɗin jama'a ne. Idan alƙali zai yanke hukunci kan riƙon 'ya'ya, me zai hana ya nemi rahoton wannan jami'i, kamar yadda zai nemi na likita idan maganar ta shafi lafiya?

Ƙasar Masar ta ɗauki wannan hanya tun a 2004, lokacin da ta kafa kotunan iyali. A ƙarƙashin dokar, yawancin ƙararrakin aure sai sun fara bi ta ofishin sasantawa, inda masanin shari'a da masanin halayyar ɗan Adam da jami'in zamantakewa ke zama tare su saurari ma'auratan. A wannan shekarar ce kuma Maroko, wadda ita ma Malikiyya take bi, ta sabunta dokar iyalinta, ta sa saki ya koma ƙarƙashin kulawar kotu bayan an gwada sulhu. A nan gida, Kano ta ba Hukumar Hisba gurbi a doka tun 2003, kuma sasanta ma'aurata na daga cikin manyan ayyukanta. Ba lallai ne mu kwafi kowa ba, amma darasin a fili yake.

Akwai kuma inda sulhu kansa yake zama zalunci. Matar da ta zo da karaya ko kumburarren ido, a ce mata ta koma ɗakinta ta yi haƙuri, wannan tura ta cikin haɗari ne. Malikiyya ta ba mace damar neman rabuwa idan cutarwa ta tabbata, kuma tun 2018 Jihar Kaduna ke da dokar hana cin zarafin mutane da kuma dokar kare haƙƙin yara. Irin wannan mata asibiti ya kamata a fara kai ta, a rubuta abin da aka gani, domin takardar likita ita ce shaidarta gobe a gaban alƙali. Idan ba ta da kuɗin lauya, akwai Hukumar Ba Da Agajin Shari'a ta tarayya, akwai ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA, akwai WRAPA. Mai sulhun da ya san wannan bai rage wa kansa daraja ba don ya nuna mata hanya.

Sai kuma maganar abinci, wadda ita ce uwar rigingimu. Mutanen wannan yanki manoma ne, arzikinsu na rataye da rake, tumatir, masara da barkono. Shekarar da gona ta yi kyau akan sha bukukuwa da kaka, shekarar da ta ƙi kuwa akan ji a jikin tukunya. A 2016 tsutsa ta cinye tumatir har gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan nomansa. Magidancin da irin wannan ta faɗa wa, matarsa ta kai ƙarar rashin ciyarwa, wa'azi kaɗai ba zai cika masa rumbu ba. Kamata ya yi mai sulhu ya san inda kwamitin zakka yake, ya san ƙungiyar manoma, ya san masu hannu da shuni a cikin dangi.

Kuma ko da aure ya ƙi gyaruwa, aikin masu sulhu bai ƙare ba. A nan ne ma aka fi yin sakaci. Da an miƙa takardar saki sai kowa ya watse, babu mai maganar inda za ta yi idda, ko wa zai ciyar da yara, ko kuɗin makaranta, ko ranar da uba zai riƙa ganinsu. A Malikiyya uwa ce ke da haƙƙin riƙon ɗa namiji har ya balaga, 'ya mace kuma har ta tare a gidan miji, matuƙar babu abin da ya kawar da wannan haƙƙi, ciyarwa kuwa tana wuyan uba. Mata nawa ne a ƙauyukanmu suka san haka? Sakamakon rashin sanin shi ne yaran da muke gani da farantin talla a tasha da bakin kasuwa.

Abin da ake bukata ba ya cin kuɗi mai yawa. Shugabannin ƙananan hukumomin uku, tare da hakimai da amincewar Masarautar Zazzau, su riƙa haɗa limamai, fastoci, dagatai, ma'aikatan lafiya, jami'an jin daɗin jama'a da magatakardan kotu a zama ɗaya, ko da sau ɗaya ne a wata uku. A buga takarda guda da Hausa, boko da ajami, mai ɗauke da wuraren da za a tura kowace irin matsala. Wanda ya tura ma'aurata ya haɗa su da 'yar wasiƙa, wanda ya karɓa ya maido da amsa, a kuma riƙe sirrin mutane. Sa'an nan a sa dattawan mata da malaman Islamiyya mata a ciki, domin akwai maganar da mace ba za ta taɓa faɗa a zauren dagaci ba. Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo tana nan kusa, za a iya neman ta horar da su.

Masu iya magana sun ce kowa da kiwon da ya karɓe shi. Liman ya yi nasa, likita ya yi nasa, alƙali ya yi nasa, amma kowa ya san ƙofar ɗan'uwansa. Allah Ya zaunar da gidajenmu lafiya, Ya shirya mana zuriya.